Abin da Ke Sa Kajin Gida Rage Ƙwai a Wasu Watanni

Kaza ba ta yin ƙwai bai ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Akwai watannin da take yi a jere, akwai kuma waɗanda take ragewa ko ta ɗauke gaba ɗaya, alhali lafiyarta ƙalau. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Aiki ne mai cin jiki, don haka da zarar yanayi ya matsa mata, shi take fara ajiyewa.

A ƙasashen sanyi, tsawon yini ne babban dalili. Haske yana zaburar da wani sashe na ƙwaƙwalwar kaza, shi kuma ya saki sinadaran da ke nunar da gwaiduwa. Kaza tana bukatar hasken awa 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai iya ƙarfinta. A Ingila yinin Disamba bai wuce awa 8 ba, shi ya sa masu kiwo a can suke kunna wa kaji fitila. A Kano kuwa, tazarar da ke tsakanin yinin Disamba da na Yuni ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Wannan bayani na littattafan Turai gaskiya ne, amma kaɗan yake warwarewa daga matsalar kajin ƙasar Hausa.

A nan zafi ne kan gaba. Kaza ba ta gumi, kuma ta fi sakewa idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 18 da 24. Daga Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci za a ga kaji sun lafe a inuwa, baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki. Sai cin abinci ya ragu, ƙwai ya ragu da yawa da kuma girma. Hakin kansa yana da tasa illar: yawan fitar da numfashi yana rage iskar kabon a jini, wadda jiki ke haɗawa da kalsiyam ya gina ɓawo. Dalilin da ya sa ƙwan bazara yake zuwa da ɓawo mai rauni ke nan, wani ma ya fashe tun a akurki. Ruwa kuma ba abin wasa ba ne, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaskon da ya ƙafe da tsakar rana, ko wanda aka bari a rana har ruwan ya yi zafi, ya isa ya hana kaza ƙwan gobe. Inuwa, da akurki mai shan iska, da ruwan sanyi daga randa, da ba da abinci da sassafe da kuma yamma, sun fi yawancin magungunan da ake sayowa amfani.

Abinci ma yana bin yanayi, musamman ga kajin da ke yawon tsince-tsince. Da damina akwai ƙwari da gara da tsutsotsi da ɗanyen ganye, da kaka akwai hatsin da ke zuba a masussuka. Idan rani ya yi nisa, abin da ya rage dusa ce da ɗan tsaki, waɗanda ke cika ciki amma ba su da isasshen furotin da kalsiyam. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam. Idan babu a abinci, daga ƙashin kazar yake fita. Garin ƙashi, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, da ƙuliƙuli ko gasasshen waken suya, suna cike wannan giɓi. Zabi sun fi kaji nuna wannan bin yanayi, shi ya sa ƙwansu yake cika kasuwa da damina ya ɓace da rani.

Sai kwanci. Kazar Hausa takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kai kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki ba ta ƙwai. Shi ya sa a shekara ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, alhali kajin gona da aka zaɓo don ƙwai, waɗanda kusan ba sa kwanci, suna kaiwa wajen 300. Wannan ba gazawa ba ce, domin ita ce ke ƙyanƙyashe wa gida kajin baɗi ba tare da inji ba. Haka nan idan kaza tana zubar da tsohon gashi, takan dakata da ƙwai na wata biyu ko uku, saboda sabon gashi furotin yake ci. Abin takaici, a wannan lokaci ne ake yawan kai kaza mai kyau kasuwa, don an gan ta a fige.

Raguwar da ya kamata ta tayar da hankali ita ce wadda ta zo farat ɗaya tare da kasala, da zawo kore, da murɗewar wuya, ko ƙwai marar ɓawo. Waɗannan alamun cutar Niyukasil ne, wadda ta fi ɓarna da hunturu, har takan share kajin unguwa. Ba ta da magani sai riga-kafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, kuma ya fi amfani idan an yi shi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.