Green Bay Packers: Masu ƙungiyar da ba su da ta cewa kan 'yan wasanta

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa farkon watan Satumba na kowace shekara, ba a buga ko wasa ɗaya na neman maki a gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda wasu ke kira zari-ruga.

To amma a cikin waɗannan watanni ne ake yanke shawarwarin da suka fi tayar da jijiyar wuya a tsakanin magoya baya: wa za a ɗauka, wa za a sallama, kuma wa za a damƙa wa ragamar 'yan wasa a fili.

Babu inda wannan muhawara ta fi zafi kamar birnin Green Bay da ke jihar Wisconsin, a arewacin Amurka. Dalili kuwa shi ne, a can magoya baya ne suka mallaki ƙungiyar.

Ƙungiyar jama'a

Green Bay dai ƙaramin birni ne, wanda yawan jama'arsa bai wuce dubu 107 da 'yan kai ba bisa ƙidayar 2020, amma filin wasansa na Lambeau yana ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 81.

An kafa ƙungiyar Packers a 1919, kuma tun daga 1923 take a hannun jama'a. Ita kaɗai ce ke da irin wannan tsari a cikin ƙungiyoyi 32 na gasar. Sau shida aka sayar da hannun jarinta, na baya-bayan nan a 2021 a kan dala 300 kowane ɗaya, abin da ya kai yawan masu hannun jarin sama da rabin miliyan.

Sai dai takardar hannun jarin ba ta kawo riba, ba a kuma sayar da ita a kasuwa. Abin da take bai wa mai ita shi ne damar halartar taron shekara-shekara da ake yi a watan Yuli, da kuma kaɗa ƙuri'a wajen zaɓen 'yan kwamitin gudanarwa. Kwamitin ne ke zaɓar shugaba, shi kuma shugaban ya naɗa babban manaja, wanda ke da wuƙa da nama kan batun 'yan wasa.

Masu bin ƙwallon ƙafar Turai sun san yadda mambobin Barcelona da Real Madrid kan yi amfani da ƙuri'arsu su kawar da shugaban da ya ɓata musu rai. Mai hannun jarin Packers ba shi da wannan hanya kai tsaye. Abin da ya rage masa shi ne muryarsa, kuma yakan yi amfani da ita ne a bakin filin atisaye.

Yadda ake tankaɗe da rairaya

A watan Maris ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. A watan Afrilu kuma ƙungiyoyi kan zaɓi sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, inda ƙungiyar da ta fi kowa rashin ƙoƙari a kakar da ta wuce ke fara zaɓe.

Sai atisayen watannin Mayu da Yuni, wanda yawancinsa na ganin dama ne, kuma dokar gasar ta hana 'yan wasa yin karo da juna a cikinsa. Akwai kwanaki uku na dole, waɗanda ake cin tarar wanda ya ƙi zuwa.

Babban sansanin horo yana farawa ne a ƙarshen watan Yuli. Kowace ƙungiya kan shiga da 'yan wasa har 90, amma kafin ƙarshen watan Agusta wajibi ne ta rage su zuwa 53. Ke nan ana sallamar mutum 37 daga kowace ƙungiya, ko da yake akan sake ɗaukar wasunsu a rukunin masu taya atisaye.

Akwai kuma iyakar kuɗin albashi da ba a yarda wata ƙungiya ta wuce ba. A 2008 iyakar ta kai kimanin dala miliyan 116, a 2025 kuma ta haura miliyan 279. Saboda haka duk dalar da aka bai wa tsohon gwani, an hana wani matashi ne.

A Green Bay, jama'a kan yi cincirindo don kallon wannan atisaye kyauta. Akwai ma wata tsohuwar al'ada, inda yara kan jeru da kekunansu a ƙofar filin Lambeau, ɗan wasa ya zaɓi ɗaya ya hau zuwa filin horo, yaron kuma ya bi shi a guje riƙe da hular kwanonsa. Wannan kusanci ne ke sa magoya baya jin cewa sun san 'yan wasan kamar yadda masu horar da su suka san su.

Rikicin shekarar 2008

Gwaji mafi girma da wannan dangantaka ta fuskanta ya zo ne a 2008, a kan muƙamin da ake kira kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa wa abokan wasansa ko ya miƙa musu. Babu wani muƙami da ya kai shi muhimmanci a wasan.

Brett Favre ya riƙe wannan muƙami a Packers tun 1992. Sau uku a jere aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar, daga 1995 zuwa 1997, kuma shi ya jagoranci ƙungiyar ta ci kofin Super Bowl a watan Janairun 1997, karo na farko cikin kusan shekaru talatin. Wasanni 253 a jere ya fara wa ƙungiyar a kakar wasa ba tare da fashi ba, duk da raunukan da ya sha fama da su. Yara da dama a Wisconsin sun girma ba su taɓa ganin wani a gurbinsa ba.

A kakar 2007 Packers ta ci wasanni 13 cikin 16, kuma saura ƙiris ta kai wasan ƙarshe. A ranar 20 ga watan Janairun 2008, cikin tsananin sanyi a filin Lambeau, ƙwallon da Favre ya jefa a ƙarin lokaci ta faɗa hannun ɗan wasan New York Giants, aka doke su da ci 23 da 20.

A farkon watan Maris, Favre mai shekaru 38 ya ba da sanarwar yin ritaya, yana zubar da hawaye a gaban manema labarai.

Nan take babban manaja Ted Thompson da koci Mike McCarthy suka miƙa ragama ga Aaron Rodgers, matashi ɗan shekara 24 da aka ɗauko daga jami'ar California a 2005, wanda ya shafe shekaru uku a benci bai taɓa fara ko wasa ɗaya ba. Duk atisayen Mayu da Yuni an tsara shi ne a kansa. A zaɓen watan Afrilu kuma aka ɗauki ƙarin matasa biyu a wannan muƙami, Brian Brohm da Matt Flynn.

Kwatsam a watan Yuli sai Favre ya ce ya fasa.

Kan magoya baya ya rabu

Masu goyon bayan Favre suna da hujja mai ƙarfi. A ganinsu, mutumin da ya kai ƙungiya gab da wasan ƙarshe watanni shida da suka wuce bai ƙare ba, kuma ba a yada gwanin da aka sani saboda yaron da ba a gwada ba. Sun kuma tuna cewa Rodgers ya karye a ƙafa a 2006 a ɗan lokacin da aka sa shi a wasa, alhali Favre bai taɓa fashi ba. Wasu sun yi gangami a harabar filin Lambeau suna neman a dawo da shi, wasu ma suna kiran a kori Thompson.

Ɗaya ɓangaren kuma ya gaji da jan ƙafa. Shekaru da dama ke nan Favre kan bar ƙungiyar cikin rashin tabbas a duk ƙarshen kaka, kan ko zai ci gaba ko zai ajiye. Suna ganin idan aka mayar da Rodgers benci a shekara ta huɗu, to zai tafi da zarar kwantiraginsa ya ƙare, a wayi gari an yi biyu babu.

Shugabannin ƙungiyar sun shiga tsaka mai wuya. Favre ya nemi a sake shi ya je inda ya ga dama, suka ƙi, domin suna fargabar zai koma Minnesota Vikings, abokiyar hamayyarsu da ke rukuni ɗaya da su. Har ƙarar Vikings suka kai wa hukumar gasar bisa zargin tuntuɓar ɗan wasan ta bayan fage, amma shugaban hukumar Roger Goodell ya yi watsi da zargin. Shugaban Packers na lokacin, Mark Murphy, ya yi tattaki har jihar Mississippi don ganawa da Favre, inda rahotanni suka ce an yi masa tayin kimanin dala miliyan 20 cikin shekaru goma, ya zama jakadan ƙungiyar ya ci gaba da zama a gida. Bai karɓa ba.

A ranar 3 ga watan Agusta ya sauka a Green Bay, a daidai daren da ƙungiyar ke atisayenta na shekara-shekara a gaban iyalai a filin Lambeau. Mutane fiye da dubu hamsin ne suka halarta. Rodgers bai taka rawar gani ba a daren, kuma wasu daga cikin 'yan kallo suka yi masa ihu, a filin ƙungiyarsa, a wasan da ba na neman maki ba.

Bayan doguwar ganawa da Favre, koci McCarthy ya ce ya fahimci zuciyar ɗan wasan ba ta tare da ƙungiyar. Kwana uku da saukarsa, aka cefanar da shi ga New York Jets, tare da sharaɗin cewa idan Jets ta miƙa shi ga Vikings za ta biya diyya mai tsanani.

Abin da ɗan kallo ba ya gani

Akwai abin lura a nan. Magoya baya sun yanke wa Rodgers hukunci ne da abin da suka gani a 'yan kwanaki. Masu horarwa kuwa sun shafe shekaru uku suna kallonsa kullum, a fili da kuma ɗakin nazarin faifan bidiyo. Atisayen da ba a karo a cikinsa yakan yaudari ido, domin wani lokaci da gangan ake sa ɗan wasa ya gwada jifa mai haɗari don a ga iyakarsa.

Amma su ma shugabannin ba ma'asumai ba ne. Brohm da suka zaɓa a zagaye na biyu, wanda wasu masana suka yi hasashen zai iya ƙwace gurbin Rodgers, ya kasa ko zama mataimaki. Flynn na zagaye na bakwai ne ya sha gabansa a wannan sansani, kuma a 2009 Brohm ya bar ƙungiyar.

Hukuncin ma bai fito da wuri ba. A 2008 Packers ta ci wasanni 6 kacal cikin 16, duk da cewa Rodgers ya yi ƙoƙari har aka tsawaita masa kwantiragi tun kaka ba ta ƙare ba. A 2009 abin da ake gudu ya faru: Favre ya sake ritaya, Jets ta sake shi, ya koma Vikings, ya kuma doke Packers gida da waje. A lokacin da ya shigo filin Lambeau cikin rigar abokan hamayya a ranar 1 ga watan Nuwamba, shi ma ihu aka yi masa. A wannan shekara dai, masu sukar Thompson sun ga kamar gaskiyarsu ta fito.

Sai a ranar 6 ga watan Fabrairun 2011 ƙurar ta lafa, lokacin da Packers ta doke Pittsburgh Steelers da ci 31 da 25 a wasan Super Bowl, aka kuma zaɓi Rodgers gwarzon wasan. A 2015 aka sasanta da Favre, ƙungiyar ta karrama shi ta hanyar jingine lambarsa ta 4, wadda babu mai sake sa ta.

An maimaita a 2020

Shekaru goma sha biyu bayan rikicin, sabon babban manaja Brian Gutekunst ya yi amfani da zaɓinsa na zagayen farko ya ɗauki wani matashin kwatabak, Jordan Love, alhali Rodgers mai shekaru 36 ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe watanni uku kafin nan.

Magoya baya da dama sun fusata. Abin da suke so shi ne a ɗauko wa Rodgers gwanin cafe ƙwallo, don a ci kofi tun yana da sauran ƙarfi. Kuma wannan ƙorafi yana da tushe, domin Rodgers ya zama gwarzon gasar a 2020 da 2021, amma ƙungiyar ba ta kai wasan ƙarshe ba, yayin da Love ke zaune a benci.

A 2021 Rodgers ya ƙaurace wa atisayen bazara har da kwanakin dole, kafin ya dawo a ƙarshen watan Yuli. A watan Afrilun 2023 aka cefanar da shi, shi ma ga New York Jets, inda jijiyar agararsa ta tsinke a mintunan farko na wasansa na farko. Love, wanda kamar Rodgers ya yi shekaru uku yana jira, ya kai Packers zagayen sili-ɗaya-ƙwale a kakarsa ta farko, inda suka doke Dallas Cowboys da ci 48 da 32. A watan Yulin 2024 ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 220 na shekaru huɗu.

Shi kuwa gwanin cafe ƙwallon da aka daɗe ana nema, sai a watan Afrilun 2025 aka ɗauke shi, lokacin da aka gudanar da bikin zaɓen sabbin 'yan wasa a birnin Green Bay. Mark Murphy, wanda ke shirin barin muƙaminsa, shi ya sanar da sunan Matthew Golden, ɗan wasa na farko a wannan gurbi da Packers ta ɗauka a zagayen farko tun 2002, kuma dubban magoya bayan da suka cika harabar filin Lambeau suka ɓarke da sowa tun bai gama karanta sunan ba.