Haruffa huɗu masu ƙugiya da allon rubutu ya manta da su

A watan Maris na shekarar 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a jamhuriyar Nijar, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk harshen da aka ɗora wa irin wannan nauyi, tilas ne ya shiga takarda: sanarwar magajin gari, littafin ɗan makaranta, umurnin likita, hukuncin alƙali. To, a nan ne wata ƴar matsala wadda ido ke rainawa take tare hanya. Allon haruffan da ke gaban ma'aikata a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ba shi da gurbin haruffa huɗu na Hausa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Ƙugiya ba ado ba ce

Waɗannan haruffa suna wakiltar sautuka ne da ake furtawa tare da maƙe maƙogwaro, kuma kunnen Bahaushe ba ya haɗa su da b, d, k ko y. Kaya daban, ƙaya daban. Fada wurin sarki ce, faɗa kuwa abin da ake kai ƙararsa can. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. A takardar kiwon lafiya, tsakanin bari da ɓari babu kome sai ƙugiya ɗaya.

Gaskiya ne wanda ya ƙware da karatu yakan gane abin da ake nufi daga sauran jimlar. Amma takardar hukuma ba don gwanaye kaɗai ake buga ta ba. Dattijon da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, da yaron da ke haɗa baƙi harafi bayan harafi, abin da suka gani shi za su furta. In aka koya musu ƙ a aji, sa'an nan suka tarar da k a sanarwa, sai su ɗauka laifin nasu ne, alhali kuwa na injin ne.

Asalin haruffan

Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun yi ta laluben hanya: wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna rataya masa waƙafi. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka zauna a littattafan da ake bugawa a Zariya, zamanin da Rupert East yake shugabantar hukumar talifi. A 1966 taron masana da UNESCO ta kira a Bamako ya tsara haruffan Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da harsunan Mande. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1978 wani taron ya zauna a Yamai, ya fitar da jerin haruffa na bai ɗaya domin harsunan Afirka, kuma a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasa ta kafa ƙa'idar rubutun Hausa da doka. Bambanci guda da ya yi fice tsakanin Nijar da Najeriya shi ne ƴ, wadda a can ake rubuta ta da waƙafi a gaban y. Ke nan masana sun daɗe da gama nasu aikin. Injin ne ya makara.

Inda gizo ke saƙa

Allon da Nijar ta gada daga zamanin mulkin mallaka shi ne wanda ake kira AZERTY, an kuwa tsara shi ne domin faransanci. Yana da é, è, à da ç. Har ma ya keɓe madanni ga ù, harafin da kalma ɗaya tak ta yau da kullum take bukata a faransanci, wato où. Yana kuma ɗauke da q, v da x, waɗanda kalmomin Hausa na asali ba su san da su ba.

Zamanin keken rubutu, mai buga takardu yakan buga k ko d, in ya zare takardar ya bi ta da alƙalami yana lanƙwasa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. In aiki ya yi yawa, sai a bar su haka nan. Da kwamfuta ta zo, sai aka ƙirƙiro wasu zanen haruffa na gida, inda ake ɓoye ƙ ko ɗ a gurbin wani harafin da ba a amfani da shi. Takarda takan fito tsaf a injin da aka buga ta, amma da an buɗe ta a wani injin, sai baƙin haruffa su cika ta.

Wayar salula ma ta ƙara nata. Gajeren saƙo yana ɗaukar haruffa 160 muddin duka suna cikin jerin da aka tanada tun farko. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗi su ƙaru. Mai tattalin aljihunsa kuwa ba a koya masa abin da zai yi. Haka kalma ɗaya ta wayi gari da fuska uku: ƙasa, k'asa da kasa. Wanda ya nemi ɗaya a cikin ajiyar takardun kwamfuta, sau da yawa ba ya samun sauran biyun.

Magani yana kusa

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne an daɗe da share hanya. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambar da ba ta sakewa daga inji zuwa inji. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuwa 01B4. Manyansu: Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. A cikin Word, in aka buga lambar, sa'an nan aka danna Alt tare da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin. A wanda yake na faransanci, Alt da C ake dannawa. In harafin ya faɗo a tsakiyar kalma, kamar a baƙi, ya kyautu a fara da U+ kafin lambar, don kada injin ya ɗauki b da a a matsayin wani ɓangare nata.

Wannan dabara ta mai gyaran suna ɗaya ko biyu ce. Mai buga shafuka da yawa, allon Hausa ya kamace shi. Windows yana ɗauke da shi tun daga Windows 7, sai dai a shiga wurin zaɓen harshe a kunna shi. Akwai kuma Keyman, na ƙungiyar SIL, wanda ake samu kyauta. A wayar salula, Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa. Aikin ƴan mintoci ne, ba ya cin ko dala.

Abin da ya rage

Dabarar mutum ɗaya ba ta isa ta gyara rubutun ƙasa ba. Ita kanta Faransa, da ta lura allonta yana wahalar da masu son buga É, Ç ko œ, sai ma'aikatar al'adunta ta nemi a sake duba shi, aka fitar da sabon tsari a watan Afirilu na 2019. In masu allon sun gyara shi domin harshensu, wanda ya are shi ya fi su hujjar gyarawa.

Bukatar kuma ba ta Hausa kaɗai ba ce. Fulatanci yana amfani da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ; Zabarmanci yana da ŋ da ɲ; Barbarci da Buzanci suna da ǝ. Allo guda da zai tara waɗannan duka a kan AZERTY ɗin da yatsun ma'aikata suka saba da shi, a sa shi a kowace kwamfutar gwamnati, a koyar da shi a makarantun horon malamai da na magatakarda, zai wadatar da ƙasa baki ɗaya. Daga nan sai a ga Maraɗi, Ɗan Isa da Birnin Ƙonni a takarda yadda mutanensu suke kiran su.

Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ya rage ga malamai, masu fassara, ƴan jarida da masu buga takardu, kowa a teburinsa, ya mayar wa harafi ƙugiyarsa kafin takarda ta fita daga hannunsa.