Kafin a saya wa yaro jan birki

Mu masu sayar da kayan gyaran mota a Kwatano muna rigan kowa ganin sauyin yayi. A da odar da ake ba mu ta kayan Corolla ce da Hilux da Hiace. Yanzu a cikin motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa akwai Mustang da Camaro daga Amurka, da BMW mai harafin M, kuma da yawa daga masu sayensu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu waɗanda Allah ya buɗa wa kasuwa da wuri. Saƙon da suke turo mini a WhatsApp kusan iri ɗaya ne: hoton taya da ƙaton birki ja a cikinta, a ƙasa an rubuta, "Alhaji, nawa za ka kawo mini irin wannan?" Wasunsu sun je Dubai saro kaya, sun ga yadda mutum ke biyan kuɗi ya shiga filin tsere na Dubai Autodrome ko na Yas Marina a Abu Dabi ya zuba gudu iya son ransa, sun dawo da sha'awar abin.

Iyaye da yayye nake yi wa wannan bayani, tunda ku ake tuntuɓa kan kuɗin, kuma ku ne ba kwa runtsawa idan yaro ya kama hanyar Paraku da dare.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi. Takalmin birki ya cije faifai, gogayyar ta haifar da zafi, iska ta kwashe. Lissafin kuma ba shi da tausayi: idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Tsayar da mota daga kilomita 200 a awa ba sau biyu ba ne na tsayar da ita daga 100, sau huɗu ne. A cikin gari ka taka sau ɗaya, kafin ka sake takawa ƙarfen ya huce. A filin tsere kuwa kowace kwana sai an taka da ƙarfi, minti 20 a jere ba hutu, har faifan ya haura digiri 500.

Ga abin da yaran ba sa son ji: taya ce ke tsayar da mota. Birkin da kamfani ya sa wa waɗannan motoci, in dai lafiyarsa ƙalau, yana da ƙarfin da zai kai taya ga zamewa har na'urar ABS ta shiga aiki. To in an kai nan, ko birkin tirela ka ɗaura, tsayuwar farko ba za ta gajarta ba. Amfanin babban birki shi ne takawa ta goma ta yi kama da ta farko. Wanda ya zo mini da tsofaffin tayoyi 'yan gwanjo yana neman jan birki, wurin mai taya nake fara tura shi.

Daga taya sai man birki, wanda ya fi komai araha, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A jikin kowace kwalba akwai lamba. DOT 3 sabo, mafi ƙarancin zafin da zai tafasa a kai digiri 205 ne, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Amma wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma da ya sha sai ma'aunin ya faɗo: DOT 4 ya koma wajen 155, DOT 3 wajen 140. Ku duba inda muke zaune. Kwatano, Lome, Duwala, duk bakin teku ne, inda riga ma ba ta son bushewa da damina. Motar da ta yi makonni a kan ruwa, ta yi watanni a fakin sayarwa, wa ya san shekarun man da ke cikinta? Idan ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuma matsuwa yake yi, sai feda ta nutse har ƙasa mota tana tafiyarta. Domin titi, a zubar a sa sabo duk shekara 2. Domin filin tsere, akwai irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF da ke haura digiri 300, kuma sabo ake zubawa kafin ranar. A kula da DOT 5 wanda ba shi da ɗigo da ɗaya a gabansa: wani sinadari ne daban, ba a haɗa shi da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba.

Ƙafar direba tana iya gane mai laifi. Feda ta yi laushi, mai ne ya tafasa. Feda tana nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga ƙauri, takalmi ne ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa.

A kan takalmi ne titi da fili suka raba gari. Na tsere zalla an yi shi ne ya kama da kyau bayan ya ɗau zafi. Da sanyin safiya, a gaban makarantar yara ko a mahaɗar da 'yan zemijan suka cika, wasunsu ba sa cizo kamar na kamfani. Ga ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ga baƙar ƙura a rim, ga cin faifai. Na titi kuma yana iya sarewa bayan 'yan zagaye a fili. Akwai na tsaka-tsaki, ya ishi mai koyo. Amma ni a ganina, wanda ya ɗauki abin da gaske ya ajiye saiti biyu, a sauya masa ranar shiga fili, a mayar da na gida kafin a ɗauki iyali. Aikin awa guda ne a wurin bakaniken da ya san hannunsa.

Tiyon birki mai saƙar ƙarfe yana rage kumburin roba, feda ta ƙara tsayawa daram. Ba laifi, amma ba shi ne gaba ba. Faifai mai huje-huje kuwa kyau ne a hoto. A zafin fili daga bakin hujin tsaga ke farawa. Sumul ko mai tsagi ya fi ɗorewa. Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa, a sa bakanike ya auna, kada a bi da ido.

Sai babban saitin da ake mafarki: ƙaton faifai da kalifa mai fistin 4 ko 6, kalifa ita ce muƙamuƙin da ke matse takalmin. Yana da ranarsa, ga wanda ya gyara taya da mai da takalmi, ya shiga fili sau da yawa, har yanzu zafi na cin ƙarfinsa. Sharaɗin shi ne a sayi wanda aka ƙera domin wannan motar takamaimai. Abin da wasu ke yi, su ciro kalifar wata babbar mota a wurin 'yan gwangwan, mai walda ya haɗa mata mariƙi, yana rikita rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, feda ta yi nisa, tsayuwa ma ta iya ƙara tsawo. Sau da yawa kuma sai an sauya rim, domin na asali ba zai ɗauka ba.

Kamfanin Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961 kusa da birnin Bergamo, shi ne sunan da kowane yaro ya haddace, shi ya sa masu jabu suka fi damunsa. Akwai ma murfi kawai, na roba ko na gwangwani, ja da suna a jiki, ana manna shi a kan ƙaramar kalifa. Ba ya ƙara komai sai tare iska. A shagona ba na ajiye shi, ko da yake na san da zai ƙare a mako.

Bayan an ɗaura sabon takalmi sai an horar da shi. A samu hanya da babu kowa, a rage gudu da ƙarfi daga wajen 100 zuwa 20 kamar sau 8 ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki har ya huce. Haka ma a fili, zagayen ƙarshe na hucewa ne, kuma in an shigo wurin fakin ba a jan birkin hannu, domin takalmi yana manne wa faifai mai zafi ya bar tabo, daga baya mota ta riƙa rawa in an taka birki. Giya ake sa wa, ko a tokare taya da katako.