Yadda GPS ke hango tsunami tun kafin ta iso gaɓa

A tsakiyar teku, tsayin tsunami bai cika kai mita ɗaya ba, amma tana tunkuɗa iskar da ke samanta. Da yake iska na raguwa a can sama, motsin na ƙara girma yayin da yake hawa, har ya kai kimanin kilomita 300, inda yake hargitsa ƙwayoyin lantarki. Siginar GPS da ke ratsa wurin sai saurinta ya ɗan canza.

Tashoshin GPS fiye da 1,000 a Japan sun gano wannan canji ranar 11 ga Maris, 2011. Yanzu hukumar NASA na gwada manhajar GUARDIAN, wadda ke bibiyar irin wannan alama domin a gargaɗi mazauna gaɓar teku, inda mintuna kaɗan ke iya ceton rayuka.