Babi na Bakwai: Yadda Ambaliyar Hamada Take Ciyar da Rijiyoyi

A yankin tsaunukan Azbin da ke arewacin Nijar, ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma mafi yawansa yakan sauko ne tsakanin Yuli da Satumba, a cikin 'yan mamako kaɗan masu ƙarfi. Da yake duwatsun wurin tsirara suke, babu ƙasa ko ciyawar da za ta riƙe ruwan, sai ya gangaro gaba ɗaya zuwa cikin koramu, wato hanyoyin ruwa da suke bushe a yawancin shekara, irin su koramar Telwa da ta bi ta gefen Agadas. Cikin ɗan lokaci, rairayin da raƙuma suka taka da safe yakan koma kogi mai jan itatuwa da duwatsu, kuma irin wannan ambaliya ce ta rushe gidaje masu yawa a Agadas a watan Satumba na 2009.

Sai dai wannan ruwa mai ɓarna shi ne kuma jarin mazauna yankin, domin gindin korama cike yake da yashi da tsakuwa, waɗanda ke da ƙananan kafofi a tsakaninsu, ta nan ne ruwa ke nutsewa har ya tarar da dutsen da ba ya huduwa, ya taru a kansa. Wannan shimfiɗa ta jiƙaƙƙen yashi ita ake kira rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, kuma zafin rana ba ya ƙafar da ita, saboda iyakarsa saman rairayi. Daɗewar ruwa a kan korama ta fi yawansa muhimmanci, domin wanda ya wuce a guje kan malale a fili ya bi iska, yayin da laka ke toshe kafofin yashi idan ta kwanta da kauri. Shi ya sa ake gina gajerun madatsai a kan koramu, don ruwan ya yi jinkiri, ya bazu, ya samu damar nutsewa.

Daga wannan ajiya ce rijiyoyin lambunan garuruwan Timiya da Dabaga suke samun ruwan da ake noman albasa da alkama da lemo da shi a tsakiyar rani. Ajiyar kuwa tana da iyaka, saboda haka idan injunan ban ruwa suka janye fiye da abin da damina ta zuba, dole ne rijiyoyi su ja baya.