SANYA UWAR MAGUNGUNA: A HAƘA DA HANKALI, A SHA DA AWO

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir gona tana haɗe da gona, daji kuwa saura kaɗan. Kuka da ɗorawa da tsamiya muna barinsu a gona domin muna cin amfaninsu. Amma akwai ƙaramin itacen da ba mu kula da shi sai ran da ciwo ya kama mu, wato sanya, wadda kakanninmu suka laƙaba wa uwar magunguna.

Masana a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya suna gwada saiwoyi irin wannan. Ga yadda ake yi. A wanke saiwa, a shanya a inuwa, a daka ta zama gari. A jiƙa garin cikin ruwa ko etanol, a tace, a ƙafar da ruwan. Ɗan abin da ya saura a gindin kwalba shi ne ƙarfin saiwar. Sai a ɗiga shi a faranti inda aka shuka ƙwayoyin cuta, a ajiye da ɗumi irin na jikin mutum har awa 24. In aka ga fili kewaye da ɗigon, to, ƙwayoyin sun kasa tsira a wurin. Akwai kuma gwaji na biyu. A zuba shi cikin wani ruwa mai launin shunayya. In ruwan ya koma rawaya, saiwar tana da sinadari mai hana lalacewa, irin wanda yake hana mai saurin ɓaci.

Duk wanda ya taɓa karya saiwar sanya ya san ƙamshinta, kamar na man zafi. Ba banza ba. Sinadari ɗaya ne a cikinsu, ɗan'uwan asfirin ne kuwa. A arewacin Gana manoma suna barbaɗa garin saiwar cikin hatsin rumbu, masana daga Ingila kuma sun gwada sun tabbatar yana kashe ƙwarin hatsi.

Sai dai faranti dabam, cikin mutum dabam. Abin da ya iya kashe ƙwaro yana iya yi wa mutum lahani. Saiwar sanya in ta yi yawa dafi ce. Mace mai ciki kada ta kusance ta, kada kuma a ɗura wa yaro. Zazzaɓi ko gudawa in sun ƙi sauƙi, a nufi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka riga aka sha. Ba abin kunya ba ne.

Haƙar ma tana bukatar awo. Ganye in an tsinka zai sake toho, amma itacen da aka kwashe wa saiwa ya tafi ke nan. Sanya kuwa irinta ba ya tsira da sauƙi, dashenta ma da wuya. Saboda haka ga shawararmu. A tona gefe ɗaya kaɗai, a yanki 'yar saiwar gefe, a bar uwar, a mayar da ƙasa a take. Wanda ya ga 'yar sanya a kan iyakar gonarsa, ya ɗauke mata garma, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Allah ne ya ba mu amanar wannan ƙasa. Mu riƙe ta yadda jikokinmu za su tarar da sanya a tsaye.