Malamin Ƙananan Yara da Koyarwa ta Bin Sha'awar Yaro: Nazari a Kan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

A cikin rukunonin malanta, babu wanda jama'a suka fi rainawa kamar koyar da yaran da ba su kai shekara shida ba. Akan ɗauka raino ne kawai, wanda kowa zai iya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aikin sana'a ce mai buƙatar horo, kuma kayan yin ta suna nan jibge a cikin wasannin yaran Hausawa.

Asalin Hanyar

Abin da ake nufi da bin sha'awar yaro shi ne a bar yaro ya zaɓi abin da zai yi daga cikin abubuwan da malami ya tanada, shi kuwa malami ya koma gefe yana lura, sai inda yaro ya cije sannan ya sa baki. A ƙasar Jamus, Friedrich Froebel ya kafa makarantarsa a kan wasa, ya raɗa mata suna Kindergarten, watau lambun yara, a shekarar 1840. Daga baya wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907. Ita ce ta jaddada cewa a yi kayan aiki daidai da hannun yaro, a kuma ƙyale shi ya maimaita abu har ya gamsu.

Tushenta a Al'adar Bahaushe

Wanda ya tsaya a dandali ko bakin sussuka a ƙauyukan Faskari da kaka, zai ga wannan hanya tana aiki ba tare da malami ba. Yaro yakan ɓare karan dawa ya harhaɗa mota, ko ya cuɗa laka ya gina shanu, ba wanda ya umurce shi. Yarinya mai tuwon ƙasa tana awo da gwangwani, tana kuma rabon abinci ga 'yartsanarta. Mai carafke tana ƙirga duwatsu tana saita ido da hannu. Kacici-kacici da tatsuniya suna kaifafa tunani da harshe. Masana irin su Ibrahim Yaro Yahaya da Umaru Dembo sun tattara da yawa daga cikin waɗannan wasanni a farkon shekarun 1970. Ko a makarantar allo ma, kowane almajiri da allonsa, ba a biya masa gaba sai ya riƙe na baya, ko da yake a can malam ne yake zaɓen karatun.

Aikin Malami da Horonsa

Bambancin dandali da aji shi ne malami. Shi ne zai gane cewa yarinyar da take jera 'ya'yan tsamiya ta shirya koyon tarawa, sai ya matso ya tambaye ta nawa za su zama in an ƙara biyu. Wannan gani ba a haihuwar mutum da shi. Koyonsa ake yi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaran wannan mataki ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko na muhallinsu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da ilmin ƙananan yara cikin tsarin ilmi na tushe. Takardar shaidar malanta ta NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema, kuma a Jihar Katsina akwai kwalejin ilmi ta tarayya a birnin Katsina da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma.

Halin da Yankin Yake Ciki

Ƙananan hukumomin nan uku suna kudancin jihar, daura da dazuzzukan da suka haɗa ta da Zamfara da Kaduna, kuma sun sha fama da 'yan bindiga. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Yaron da ya tashi cikin gudun hijira yakan zo aji a firgice, ba ya son magana. Bulala da haddar baƙaƙen Turanci ba za su buɗe bakinsa ba. Laka da kara da tatsuniya cikin harshensa su ne ya saba da su, kuma ba sa buƙatar kuɗi.

Kammalawa

Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai gwanin malami yakan fara duba inda iccen ya karkata. Ya kamata kwalejojin ilmi su sa wasannin gargajiya cikin manhajar horon malamai, su kuma tura ɗalibansu dandali su yi lura kafin su shiga aji. Haka nan ya dace hukumomi su fifita 'yan asalin yankin wajen ɗaukar aiki, domin su ne za su zauna idan baƙo ya tafi.